Iskar Tayoyin Hajiya

Shekara ashirin da uku Sannu-Sannu ya yi yana tuƙi a gidan nan, ba a taɓa ce masa maƙaryaci ba, sai da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, ta fara kamawa a gaban motar Hajiya.

Marigayi Alhaji ne ya laƙaba masa sunan, don ko gobara ake yi ba ya wuce gudun da ya ga ya dace da hanya. Sunan ya bi shi har aka manta na ainihin. Shi ya yi ta kai yaran gidan makaranta yana ɗauko su, shi ya tuƙa Alhaji asibiti a tafiyar da bai dawo ba. Yanzu aikinsa ɗaya ne. Litinin da Alhamis ya kai Hajiya wankin ƙoda, ya jira ta awa huɗu a filin ajiye motoci, sannan ya dawo da ita a hankali kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai.

Motar ta tsufa, shekararta goma sha biyu, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Kullum da safe sai ya zagaye ta da gejinsa, wani ɗan ƙarfe mai tsawon biro da yake sokewa a aljihun gaba, ya durƙusa ya auna iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Talatin da uku, yadda aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Bai taɓa ƙara ko ɗaya ba, bai taɓa ragewa ba.

Ranar da fitilar ta fara, yana tayar da mota ya ga tana ƙiftawa. Ta yi kamar minti ɗaya tana haka, sannan ta tsaya cak a kunne. Ya san ta, fitilar iskar taya ce. Ya sauko ya sake aunawa, tayoyi huɗu duk talatin da uku. Da ya ajiye Hajiya a asibiti sai ya zarce wurin Dogo mai faci, wanda ya shekara goma yana yi musu aiki. Dogo ya auna da nasa gejin, ya shafa ruwan sabulu a bakin kowane bawul, wato inda ake ɗura iska, ya bi tayoyin da tafin hannu yana neman ƙusa. Babu komai.

“Baba, tayoyinka lafiyarsu ƙalau,” in ji Dogo yana goge hannu a wando. “Irin motocin nan, akwai wani ɗan abu a cikin kowace taya, a maƙale a gindin bawul. Sensa ake ce masa. Shi yake gaya wa mota yawan iska. Batir gare shi ɗan mitsitsi, kuma a toshe yake, ba a canza masa. In ya tsufa sai ya fara sambatu, yau ya ce akwai iska, gobe ya ce babu. Ni ba ni da na'urar ganewa. Ku kai wa mai kwamfutar duba mota ya faɗa muku wanne ne ya mutu.”

Magana ce mai sauƙi, ko yaro zai gane. Matsalar ita ce wanda za a kai wa ita.

Injiniya shi ne babban ɗan Hajiya. Bayan rasuwar Alhaji ya dawo gidan da matarsa, suka tare a sama, komai ya koma hannunsa. Injiniyan mene ne, ruwa ko lantarki, Sannu-Sannu bai taɓa tantancewa ba. Abin da ya sani shi ne mutumin bai taɓa canza taya da hannunsa ba. Yana yaro “Baba” yake ce masa, ya sha yin barci a kujerar baya da yawu a gefen baki. Tun da ya fara ɗaura agogo mai tsada sai “Baba” ya ɓace, ya koma “Direba”.

Sannu-Sannu ya same shi da yamma yana fitowa daga tasa motar, ya yi masa bayani tiryan-tiryan yadda Dogo ya faɗa. Injiniya ya leƙa motar Hajiya, ya murɗa makulli, ya ga fitilar. Sai ya yi wata dariya ta hanci.

“Wato mai faci ne zai koya wa waɗanda suka ƙera mota aikinsu?”

“Ba haka ba ne, Yallaɓai. Na auna, shi ma ya auna.”

“Da me? Da wannan tsinken na aljihunka? Direba, na'ura ba ta ƙarya. Mutum ne yake ƙarya, in ƙiwa ta hana shi aikinsa. Mota ta ce babu iska, ka je ka sa mata iska.”

Sannu-Sannu ya buɗe baki, ya tuna wannan ɗan Alhaji ne, ya rufe. Washegari ya sake komawa wurin Dogo don dai a ce ya je, aka auna, aka kalli juna. Fitilar kuwa ta ci gaba da iskancinta. Wata rana ta kwana biyu ba ta kama ba, wata rana tun daga ƙofar gida har asibiti tana nan a kunne. Duk ranar da Injiniya ya gan ta sai ya kalli Sannu-Sannu irin kallon da ake yi wa ɗan aikin da aka kama yana barci.

Ranar wata Asabar Injiniya ya ce a ba shi makulli. Ya fita da motar da kansa, ya kai ta wani gidan mai kusa da ofishinsu, ya tsaya a kan mai ba da iska ya ce ya yi ta ɗurawa. Sai ga abin haushi: a hanyar dawowa fitilar ta ga dama ta mutu. Ita ba ruwanta da iska, lokacin hutunta ne ya zo. Amma wa zai gaya wa Injiniya? Ya shigo gida yana danna ham, ya fito yana kaɗa makulli a yatsa.

“Zo ka gani da idonka! Ina fitilar? Minti goma ban yi ba na gyara abin da ka yi sati biyu kana yi mini tatsuniya a kai. Daga yau kada ka ƙara taɓa tayoyin nan. Ni zan riƙa kai ta duk Asabar.”

Da ya hau sama Sannu-Sannu ya durƙusa ya kafa gejinsa. Arba'in da takwas. Ya ɗauka idonsa ne, ya sake. Arba'in da takwas, ɗaya ma ta kai hamsin. Ya danna tayar da babban yatsa, kamar ya danna dutse. Tsofaffin tayoyi, a kan kwalta mai zafi, da mara lafiya a baya. Ya daɗe a durƙushe yana jin zuciyarsa tana tafasa.

Litinin ya bi umarni, ya fita da Hajiya a haka. Wannan tafiya ba zai manta da ita ba. Motar da take shan rami kamar katifa ta koma kamar amalanke. Kowane ɗan tsagin kwalta sai ya ji shi a sitiyari, kowane tudun rage gudu sai motar ta yi tsalle ta dire. Hajiya mace ce da ciwo ya cinye, ƙashin bayanta ba ya son girgiza, ga hannun da ake soka mata allurar wanki kullum a kumbure. Ta madubi yana ganinta tana runtse ido, tana dafe ƙugu, tana cije leɓe. Ita kuwa ba mai ƙorafi ba ce. A dawowa aka ɗan yi yayyafi, ya taka birki a wata mahaɗa, motar ta zame ta kusa shafar bayan wata babbar mota kafin ta tsaya. Da suka iso gida sai da mai aiki ta kama Hajiya aka fito da ita, ta kwana tana nishi.

Ya sake samun Injiniya. Ko tsayawa bai yi ba, yana tafe yana latsa waya ya ce, “Fitila ta kama?”

“Yau ba ta kama ba, amma Hajiya...”

“To me kake so kuma?”

Daga nan Sannu-Sannu ya yanke shawarar da shi a ganinsa ita ce kaɗai ta rage. Ranar Alhamis ya zo da sassafe kafin gidan ya tashi, ya kwance murfin bawul, ya danna da kan makulli, iska ta yi ta fita da shiiii yana aunawa, har kowace taya ta dawo talatin da uku. Ya mayar da murafan. Ran nan motar ta tafi lumui, Hajiya har gyangyaɗi ta yi a hanya.

Haka suka yi ta yi sati uku. Asabar Injiniya ya ɗura, Litinin da sassafe Sannu-Sannu ya sace. Bai ji daɗin abin ba ko sau ɗaya. Mutum da furfurarsa yana sanɗa a gidan da ya yi rabin rayuwarsa, yana waige-waige kamar ɓarawon kaji, don kawai ya yi aikinsa daidai. Duk safiyar da ya durƙusa sai ya ji kamar ya kurma ihu. Fitilar kuma ba ta fasa ba, ta kama ta mutu yadda ta so, ko da iskar Injiniya ko da tasa.

Abin da bai lissafa ba shi ne mai ba da iskar gidan man yana da baki. Shi ya ce wa Injiniya, “Oga, abin mamaki, duk sati tayoyin nan huɗu sai su sauka daidai wa daida. Taya mai yoyo ba ta yin haka. Wannan hannu ne.”

Litinin ta huɗu, Sannu-Sannu yana durƙushe a tayar baya, iska tana fita, sai ya ji murya a kansa.

“Ci gaba mana. Kada ka fasa.”

Injiniya ne, da rigar barci, waya a hannu yana ɗaukar hotonsa. Kafin Sannu-Sannu ya miƙe ya fara kwarara kira. Maigadi ya taho da gudu, mai aiki ta fito da tsintsiya a hannu, matar Injiniya ta leƙo ta tagar sama. Hajiya da ta riga ta shirya ta fito bakin ƙofa tana dogara sanda.

“Ku zo ku ga mai amana! Ku zo ku gani! Wata guda fitila tana kamawa, yana ce mini na'ura ta lalace, ashe shi yake sace iskar da hannunsa!”

“Yallaɓai, ka tsaya ka ji. Iskar da kake sawa ta yi yawa. Ga takarda nan a jikin ƙofa, ka karanta da kanka, ai kai ka yi boko.”

“Rufe mini baki! Na kama ka dumu-dumu kana kuma yi mini gardama? Don ka nuna wa duniya ni ban san komai ba, shi ne za ka riƙa ɗaukar uwata a mota da taya a sace? So kake ka kashe ta?”

Nan ne abin ya kai wa Sannu-Sannu maƙura.

“Ni? Ni zan kashe Hajiya? Kai, yaro, ka san da wa kake magana? Lokacin da nake ɗaukar uwarka a mota kai ko wandonka ba ka iya ɗaurewa ba! Wace rana na taɓa ko da buga mata taya a rami? Ka cika tsofaffin tayoyi kamar za su fashe, matar nan tana kuka da bayanta, ka ce ni ne makashi?”

“Ka ji shi ko? Kun ji shi? Maƙaryaci, munafuki, har da zagi!”

Sannu-Sannu ya juya wajen ƙofa. A nan ne mai shaidarsa take. Ita ta ji tafiyar ranar da aka cika tayoyin, ita ta ji ta sauran ranakun.

“Hajiya, ki faɗa masa. Don Allah ki faɗa masa yadda kika kwana ran nan.”

Hajiya ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta ɗaga kai ta dubi surukarta a taga. Sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Ba ta ce uffan ba.

Injiniya ya miƙa hannu. “Makulli.”

Ya ba shi. Maigadi, wanda suka shekara takwas suna shan shayi a benci ɗaya, ya buɗe masa ƙaramar ƙofa yana kallon ƙasa.

Kwana tara ya yi a gida. Ba ya fita ko bakin layi, don gani yake kowa ya ji. Matarsa, Maman Biyu, ita ta riƙa yin faɗan da shi ya kasa yi. Tana wanke-wanke tana yi, tana shara tana yi.

“Ni ba yaron nan ne ya ba ni haushi ba, shi dama tun yana ƙarami kansa a kumbure yake. Tsohuwar nan ce! Ranar da aka kwantar da mijinta wa ya kwana a barandar asibiti? Ranar da ta faɗi a banɗaki wa ya ɗauke ta a hannu har mota? Kalma ɗaya ta gagare ta?”

“Ki bar Hajiya,” in ji shi. “Ba ta da lafiya. Wataƙila ba ta gane abin da ake yi ba. Me ta sani game da taya?”

Da wannan yake rarrashin kansa. Hajiya ba ta gane ba, shi ya sa. In da ta gane da ta yi magana. Aikin bai dame shi kamar sunansa ba. Tuƙi ko'ina zai samu, amma a ce a gidan Alhaji, a gaban maigadi da mai aiki, an kira shi maƙaryaci mai neman ran Hajiya, kuma maganar ta zauna a haka, wannan ne yake hana shi cin abinci.

Rana ta tara sai ga Dogo mai faci a kan babur, ko gaisawa ba su gama ba ya fara ba da labari yana dariya.

“Baba, ai gaskiyarka ta fito! Mutuminka ya ɗura iska har hamsin da biyu, fitila ta ƙi mutuwa, yanzu ma ba ta hutawa sam. Shekaranjiya tayar gaba ta yi ƙulu a gefe kamar ƙurji. Dole ya kai wa mai kwamfuta. Aka jona na'ura, sensa uku a mace, na huɗun yana shure-shure. Mai kwamfutan ya auna tayoyin ya ce, wane mahaukaci ne ya sa wannan iskar? Wallahi a gabana, don ni aka kira na kwance tayoyin aka sa sababbin sensa. Ya ce Allah ne ya tsare, da sun hau babbar hanya da rana da sai dai wani labarin.”

“Shi kuma me ya ce?”

“Me zai ce? Ya yi ta latsa waya. Da na tambaye shi nawa zan sa, sai ya ce in sa yadda aka rubuta a ƙofa.”

Sannu-Sannu ya ji wani abu da ya tokare masa ƙirji kwana tara ya ɗan sassauta. Da yamma kuwa aka kira shi a waya, mai aiki ce, ta ce Hajiya tana nemansa gobe da safe. Ya sa aka goge masa riga. A hanya yana ta shirya abin da zai ce in Injiniya ya ba shi haƙuri. Ba zai ja ba. Zai ce ya wuce, ai ɗa ne, kowa yana kuskure.

Ya iske Injiniya a tsakar gida zai fita aiki, waya a kunne. Da ya gan shi sai ya laluba aljihu, ya jefo masa makulli, Sannu-Sannu ya cafe a ƙirji.

“An gyara matsalar motar. Gobe Alhamis, ƙarfe bakwai.” Ya koma wayarsa, ya shiga mota, maigadi ya buɗe masa ƙofa ya fice.

An gyara matsalar motar. Shi ke nan abin da ya samu. Ya tsaya da makulli a hannu yana jin kunnuwansa suna zafi, sannan ya yi sallama ɗakin Hajiya.

Ta rame a kwana taran nan. Tana zaune a kujerarta da matashi biyu a baya. Ta amsa gaisuwarsa da fara'a, ta tambayi Maman Biyu da yara, ta ce ya zauna. Ya zauna a bakin darduma.

“Malam Sannu, na sha wuya da ba ka nan. Yaron nan tuƙinsa kamar ana korarsa. Ni na ce lallai a nemo ka.”

“Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ai yanzu kin ji abin da mai kwamfuta ya ce.”

Ta yi ɗan murmushi, ta kaɗa hannu. “Ni ina ruwana da mai kwamfuta? Ai tun ran nan na san gaskiyarka. Bayana ya gaya mini. Ranar da ya cika tayoyin kamar a kan duwatsu aka ja ni. Da ka fara ragewa na ji daɗin jikina. Har ta taga na taɓa hango ka da sassafe kana yi, na ce Allah ya yi maka albarka.”

Sannu-Sannu ya ɗago kai a hankali.

“Kin gan ni?”

“Sau biyu ma.”

“Kin san dalili, Hajiya? Ranar da ya tara mini mutane kin sani?”

“Na sani mana.”

“Na ce ki faɗa masa. A gaban kowa na roƙe ki.”

Ta sauke ajiyar zuciya. “Malam Sannu, ka duba mini. Matarsa tana taga, 'yan aiki suna tsaye. In buɗe baki in ce ɗana ne bai san abin da yake yi ba? Da wane ido zai ƙara kallonsu? Shi ne babba a gidan nan yanzu. Kai kuwa namu ne, na san kai mai haƙuri ne, za ka ɗauka.”

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Kwana tara yana kare ta a wurin matarsa, yana cewa ba ta gane ba, ashe ta gane sarai. Ta auna shi ta auna ɗanta, ta ga shi ne wanda za a iya takawa a wuce. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa ta inda zai fara.

“To yanzu fa? Tunda gaskiya ta fito, a kira maigadi da mai aiki, a faɗa a gabansu. Ba sai shi ya faɗa ba. Ke ki faɗa, kalma biyu.”

“Haba, Malam Sannu. A kuma tayar da abin da ya wuce? Ka dawo aikinka, shi ke nan, kowa zai gane.” Idonta ya kawo ruwa. “Ka dubi halin da nake ciki. Gobe wankina ne. Kada ka bar ni a hannun yaron nan.”

Ya dubi hannun nata da ya kumbura, ya dubi ƙafafunta. Ya tuna Alhaji. Ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya ce Allah ya kai mu goben, ya tashi ya fito da makullin a hannu. A ransa yana cewa wataƙila gaskiyarta ne, dawowar tasa kaɗai ta isa shaida. Wa zai mayar da makullin motar uwarsa ga wanda ya so kashe ta?

A bakin ƙofa maigadi ya taso da murna, ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Baba, barka! Wallahi na ji daɗi. Ka gode wa Allah, ka gode wa Hajiya, ita ta yi ta roƙo har Oga ya haƙura.”

“Ya haƙura?”

“Jiya ya tara mu ya ce ya yafe maka, albarkacin tsufanka da daɗewarka. Ya ce kowa ya bar maganar, kada a riƙa yi maka gori.” Maigadi ya rage murya, ya ɗan sosa ƙeya. “Sai dai, Baba, kada ka ji haushina, ni umarni aka ba ni. Ya ce duk safiya in za ka duba mota in tsaya a kanka. Kada in bar ka kai kaɗai kusa da tayoyin.”

Sannu-Sannu ya tambaye shi:

“Hajiya tana wurin da ya faɗi haka?”

“Tana zaune. Har ta ce Allah ya yi masa albarka.”

Ya juya ya dubi motar. An wanke ta, tana tsaye a inuwa, tayoyinta daidai yadda ya yi ta faɗa. Ya dubi tagar ɗakin Hajiya, labule a sake. Sai ya kamo hannun maigadi, ya buɗe tafin, ya ɗora makullin a ciki ya naɗe masa yatsu a kai.

“Ka kai mata. Ka ce na gode da yafiyar, amma ban yi laifin da zan karɓe ta ba.”

“Baba, gobe fa wankinta ne! Wa zai kai ta?”

“Ɗanta,” in ji Sannu-Sannu. Ya buɗe ƙaramar ƙofar da kansa ya fita.